Ranar da Na'ura Ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya zauna a ƙasar Gumel, ko da na 'yan watanni ne, ya san cewa makonmu a kan ranar Alhamis yake juyawa, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, sa'ad da raƙuma da shanu da tumaki ke kwararowa daga Damagaram da sauran sassan Nijar, manyan motoci kuwa su yi jerin gwano suna jiran lodi zuwa kudu. Saboda haka jajibirin kasuwa ba lokacin wasa ba ne ga mai ciniki, domin a cikinsa ne dillali ke duba littafinsa, fatoma ya gyara masaukin baƙinsa, mai bin bashi kuma ya ƙidaya waɗanda yake fatan ya ritsa da su gobe kafin rana ta take. A irin wannan jajibiri ne, cikin shekarar 2004, na fara sanin abin da ake nufi idan an ce kwamfuta ta ƙi tashi, kuma darasin da na ɗauka a ranar shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau, bayan shekaru fiye da ashirin, domin in waiwayi yadda wannan mas'ala ta sauya kama a hannunmu, alhali asalinta yana nan inda yake.

Zamanin nan zamani ne na dogon buri a Jihar Jigawa. A shekarar 2000 aka kafa yankin ciniki maras shinge a Maigatari, bisa fatan riɗi da zoɓo da fatu su riƙa fita waje daga bakin iyakarmu, Gwamna Ibrahim Saminu Turaki kuwa ya ɗauki sha'anin kwamfuta da zafi, har aka buɗe makarantar koyon ilminta a Kazaure, samarinmu na Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suka riƙa tafiya can suna dawowa da kalmomin da iyayensu ba su taɓa ji ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, a cikin shekarar kuma kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP, wadda ta zama ita ce fuskar kwamfuta a idon mutanenmu har tsawon shekaru goma da ɗoriya. Ni ma guguwar ba ta bar ni ba, domin na tara ɗan abin da na samu a aikin koyarwa na sayo wata kwamfutar tebur ta hannu daga Kano, na ajiye ta a wani ɗan shago tare da firinta da ƙaramin janareta, ina buga wa ɗalibai takardunsu, ina rubuta wa jama'a wasiƙu, sa'an nan wani Alhaji dattijo mai sayen riɗi da zoɓo ya ba ni amanar lissafinsa, watau sunayen manoman da ya ba kuɗin gaba, da buhunan da kowa ya kawo, da abin da ya rage a kan kowa.

A yammacin Larabar nan da nake magana, ina tsakiyar shigar da lissafin makon sai wuta ta ɗauke, kafin yaro ya ta da janareta allon ya riga ya mutu. Da muka sake kunnawa, fankar ciki ta juya, fitilar gaba ta kama, na'urar ta yi ɗan kukanta guda ɗaya kamar kullum, amma maimakon tutar Windows ta bayyana sai ga baƙin allo da layi ɗaya na farin rubutu, yana cewa NTLDR is missing. Na kashe na kunna ya fi sau goma, ban sami wata amsa ba illa ita. Da gari ya waye na ɗora akwatin a bayan babur na kai wa wani saurayi da ake yabon hannunsa, shi kuwa ko minti biyu bai yi yana kallon allon ba ya ce, "Malam, windo ce ta ƙone, sai fomat." Na tambaye shi ko mene ne fomat, ya ce wanki ne, za ta dawo sabuwa fil. Lalle kuwa kafin azahar ta dawo sabuwa, da koren tudu da shuɗin sama a kan allonta, sai dai babu ko harafi ɗaya na lissafin wata takwas da aka ba ni amana.

Ba zan manta da fuskar dattijon nan ba sa'ad da na durƙusa na gaya masa. Bai yi mini faɗa ba, bai ɗaga murya ba, ya dai yi shiru har na ji da ma ya zage ni, sa'an nan ya ce, "Malam, kuɗin da ya ɓata Allah zai mayar, abin da nake tsoro shi ne in tambayi mutum abin da ya riga ya biya." Mun shafe makonni muna bin ƙauyuka, muna haɗa guntayen takardu da shaidar masu awo, wanda ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiyar abin da ke kansa, inda aka yi shakka kuwa Alhaji ya yafe. Ban riƙe saurayin nan a zuci ba, domin abin da aka koya masa ke nan, kuma a wancan zamani fomat shi ne maganin kowace cuta a mafi yawan shaguna, tun da ya fi sauri, kuma mai na'ura yakan tafi da murna ganin allonsa ya haskaka, sai ya isa gida ya gane abin da ya rasa.

Bayan shekara biyu sai ga layin nan ya sake bayyana a kan allona, harafi da harafi. A wannan karon wani abokin aikina ya kai ni wurin wani tsoho wanda asalin sana'arsa gyaran rediyo da rakoda ce, ya koma gyaran kwamfuta da furfurarsa, yana zaune a wata 'yar rumfa tsakanin gwangwanayen sukurori da tsofaffin batura. Abu na farko da ya tambaye ni shi ne, "Me ke cikinta wanda ba ka da shi a wani wuri?" Da na gaya masa, sai ya kwance murfin akwatin, ya hure ƙurar hunturu da ta yi kauri a kan fanka, ya zare faifan ajiyar, ya matsar da wani ɗan tsinke a bayansa domin ya zama na biyu, ya jona shi a jikin tasa kwamfutar. Ya juyo mini da allon, sai ga takarduna gaba ɗaya a jere, kowace da sunanta da kwanan watanta, babu abin da ya taɓa su. Ya kwashe su zuwa faifan sidi, ya rubuta sunana a kai, ya miƙo mini, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, yanzu ne za mu fara gyara."

Ya mayar da faifan mazauninsa, ya kunna, ya danna maɓallin da ke kai mutum cikin BIOS, nan take ya nuna mini agogon na'urar da yatsa, wanda ya koma baya da shekaru kamar bai san an haifi Windows XP ba. Ya ce wannan alama ce ta mutuwar ɗan batirin da ke kan babban allon ciki, wani farin abu mai faɗin kwabo wanda ake kira CR2032, shi ne ke riƙe agogo da saitin na'ura sa'ad da take kashe. Ya sauya shi, ya gyara kwanan wata, ya jera wa na'urar inda za ta fara neman abin tashi da inda za ta bi da baya. Da layin ya ƙi gushewa, sai ya saka faifan Windows, ya danna harafin R maimakon ya bi hanyar sabon ɗori, ya kwafo fayil biyu da suka lalace, NTLDR da NTDETECT.COM, ya rubuta fixboot, ya sake gina ɗan fayil ɗin nan mai suna boot.ini, wanda layukansa ba su kai goma ba kuma kowa na iya karanta su da idonsa. Bai fi rabin awa ba tutar Windows ta bayyana, komai yana inda na bar shi. A nan ne gabana ya faɗi, domin na tabbata cewa lissafin Alhaji na 2004 yana nan lafiya lau a ranar da aka wanke shi.

Da ya ga hankalina ya tashi, sai tsohon ya zaunar da ni a kan benci ya warware mini al'amarin daki-daki, kuma abin da ya faɗa na same shi daidai a duk abin da na karanta daga baya. Kwamfuta, in ji shi, ba ta san kanta ba a lokacin da aka kunna ta. Abin da ke farkawa tukuna shi ne BIOS, ɗan shirin da ke zaune a cikin ƙwayar babban allo, tsarin da kwamfutocin tebur suka gada tun daga wadda kamfanin IBM ya fitar a 1981. Shi ne ke duba lafiyar gaɓoɓi, in ya same su ƙalau ya yi kuka ɗaya, in kuwa aka ji kuka a jere sau da yawa to galibi ram ce ta kwance ko ƙura ta shiga bakinta, sai a zare ta a goge haƙoranta da magogin fensir a mayar. Daga nan BIOS ya nufi farkon faifan ajiya, inda akwai wani ɗan gurbi mai bait 512 kacal, abin da bai wuce rabin shafin wasiƙa ba: 446 daga ciki umarnin tashi ne, 64 taswirar yadda aka raba faifan, biyun ƙarshe kuwa hatimi ne, 55 da AA, wanda idan babu shi BIOS ba zai yarda akwai abin tashi a wurin ba. Wannan gurbi ya miƙa ragama ga wanda ke gaba da shi, shi kuma ya kira NTLDR, shi kuma ya duba boot.ini ya san inda Windows take.

Ni da na yi ɗan zama a zauren malamai kafin in shiga boko, da jin haka sai isnadi ya faɗo mini a rai, wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga matani. Idan mutum ɗaya ya faɗi daga tsakiyar silsila, ɗalibi ya rasa hanyar isa, amma babu mai hankalin da zai ƙone littafin saboda haka. Abin da ya wajaba shi ne a yi tahakiki a gano inda silsilar ta yanke. Bilhasali, mafi yawan kwamfutocin da ke ƙin tashi hanya ce ta ɓace musu, dukiyar da ke ciki kuwa tana nan, kuma bambancin gwani da mai gaggawa duka a wannan fahimta yake.

To, daga wancan lokaci zuwa yau ruwa ya gudu da yawa a ƙarƙashin wannan sana'a. Da Windows Vista ta zo a 2007 sai aka yi ban kwana da NTLDR da boot.ini, aka kawo bootmgr da wata ma'ajiya mai suna BCD, wadda ba a iya buɗe ta a karanta kamar wasiƙa, sai ta hanyar umarni irin su bcdedit da bootrec. Faifan sidi ya ja baya, filashi ya maye gurbinsa, har ya zama kowane mai gyara a Gumel yana yawo da filashi biyu ko uku a aljihun riga kamar yadda wanzami ke yawo da zabirarsa. Daga 2012, tare da Windows 8, sabon tsari mai suna UEFI ya ture tsohon BIOS a sababbin na'urori, aka bar dogaro da gurbin nan na bait 512, wanda ba ya iya ɗaukar faifan da ya wuce kimanin terabait biyu, aka keɓe wa kayan tashi wani ɗan ɗaki nasu a jikin faifai. A shekarun da tsoho da sabo suka zauna tare an sha wahala ƙwarai, domin sau da yawa na ga kwamfuta lafiyayya an yanke mata hukuncin mutuwa, alhali abin da ya faru kawai shi ne an juya saiti ɗaya daga sabon tsari zuwa tsoho, ko an sauya yadda na'ura ke magana da faifanta, sai ta riƙa nuna shuɗin allo tana sake tashi ba iyaka.

Babban sauyin da ya zo da UEFI shi ne abin da suka kira Secure Boot, kuma yana da dalilinsa. Tun 1986, sa'ad da wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta ƙwayar cutar da aka sani da Brain, miyagu suka gane cewa wanda ya kama ƙofar tashi ya kama gidan duka, domin yana farkawa kafin duk wani mai gadi. Saboda haka a sabon tsari kowane mai karɓar ragama sai ya nuna sa hannun da aka amince da shi, in babu, na'ura ta tsaya cik, watau an shigar da jarahi da ta'adili cikin isnadin, ba a karɓar ruwaya daga wanda ba a san adalcinsa ba. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban san wurin da maganar ta zauna daram kamar nan ba. Sai dai kowane kulle da aka ƙara domin ɓarawo, nauyi ne aka ƙara wa mai gida na ya adana mabuɗi.

Wannan nauyi na gan shi da idona a kwanan baya, sa'ad da 'yata, wadda ke rubuta kundin kammala karatunta, ta shigo da kwamfutarta ta cinya tana hawaye, ta ce, "Baba, ba ta butin, wasu lambobi take tambaya." Allon shuɗi ne, yana neman mabuɗin BitLocker mai lamba 48. Na'urar ta hannu ce, wani ne ya saita mata ita a shagon da aka saya, kuma faifan a rufe yake da sirri tun ranar, ba tare da ta sani ba. Da aka taɓa saitin ciki wajen wani ɗan gyara, sai ƙwayar tsaron da ake kira TPM ta ƙi sakin mabuɗin. Saurayin da muka kai wa, wanda bai kai shekarun ɗana na fari ba, ya burge ni, domin tambayarsa ta farko ita ce ta tsohon nan mai rediyo, ko akwai abin da ba ta da shi a wani wuri. Ya gaya mana gaskiya cewa dabarar da ta ceci takarduna a 2006 ba za ta yi aiki a nan ba, ko an zare faifan an kai wata na'ura ba abin da za a gani sai shirme. Kwana biyu aka yi ana bin sawu, har aka gano adireshin imel ɗin da aka buɗe mata a ranar saye, aka shiga asusunta na Microsoft ta waya, sai ga lambobin 48 a ajiye. Ta karanto su shida-shida, yana shigarwa, na'urar ta buɗe.

Mu mutanen bakin iyaka ba baƙi ba ne ga irin wannan hali. An rufe iyakokin tudu na Nijeriya a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai 16 ga Disamba 2020, Maigatari kuwa tana cikin huɗun farko da aka buɗe, tare da Seme da Illela da Mfum. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, har zuwa watan Maris na 2024. A dukan lokutan nan biyu dabbobi suna nan a garkensu, buhuna suna nan a sito, mai saye da mai sayarwa kowa yana raye yana bukatar ɗan'uwansa, ƙofa ce kawai ta ƙi buɗuwa, kuma wanda ya yi gaggawar karyar da kayansa ya fi wanda ya jira asara. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga mutum a gaban baƙin allo yana cewa komai ya ƙare.

Abin ya ma wuce shago da ɗaki yanzu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, saboda haka makomar yaron da ya taso daga wani ƙauye na Sule Tankarkar tun asuba tana rataye ne a kan na'urar da aka zaunar da shi gabanta ta tashi a kan lokaci. A ranar 19 ga Yuli 2024 kuwa duniya ta ga abin da muka daɗe da sani a 'yan shagunanmu, sa'ad da wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 tashi, jiragen sama suka kasa tashi su ma, asibitoci da bankuna suka tsaya, kuma maganin a wurare da yawa shi ne mutum ya zauna gaban kowace na'ura, ya shiga ta ƙofar baya, ya cire fayil guda, bayan ya nemo mabuɗin nan mai lamba 48. Ga shi kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana sharɗanta UEFI da TPM, alhali da yawa daga na'urorin da ke hannun ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu tsofaffi ne da ba su cika sharuɗɗan ba, don haka masu gyaranmu suna da jan aiki a gabansu, kuma za su bukaci ilmi fiye da na jiya.

Idan na auna jiya da yau, ba zan ce jiya ta fi ba. Na'urorin yau ba kasafai suke faɗuwa don an ɗauke wuta sau ɗaya ba, hasken rana ya rage mana dogaro da janareta, Windows takan gwada gyara kanta kafin a kai ta shago, samarin yanzu kuma suna da intanet a tafin hannu, abin da tsohon nan ya shekara yana lalube su sukan same shi cikin minti biyar. Abin da ya ragu shi ne ikon mai na'ura ya leƙa cikinta ya gane da idonsa, abin da ya ƙaru kuwa shi ne hakkin da ke wuyansa. Don haka nasihata ga mai kwamfuta ita ce kada ya fafe gora ranar tafiya: ya ajiye kwafin abin da yake tsoron rasawa a wuri na biyu, ya san imel ɗin da aka buɗe na'urarsa da shi, ya rubuta lambobin mabuɗinsa a takarda ya sa inda yake ajiye takardar gona. Ga mai gyara kuwa, ya sani abin da aka ajiye a kan teburinsa amana ce, a cikinta akwai bashin wani da karatun wani da hoton mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya, kuma kalmar fomat ba ta halatta a bakinsa sai bayan ya fitar da abin da ke fituwa, ya kuma gaya wa mai ita a fili abin da zai rasa.

Tsohon nan mai rediyo ya rasu da jimawa, Allah ya jiƙansa ya sa aljanna ce makomarsa, rumfarsa ma an mai da ita wurin cajin waya. Faifan sidin da ya rubuta sunana a kai yana nan a cikin akwatina, ko da yake ba ni da sauran na'urar da za ta karanta shi. A ranar da saurayin nan ya buɗe kwamfutar 'yata, na tambaye shi wanda ya koya masa yin tambayar nan kafin ya taɓa komai, sai ya ce maigidansa ne a Kano, shi ma daga nasa maigidan ya ji. Na biya shi ladansa, na ƙara masa da addu'a, muka fito, ita tana rungume da na'urarta, ga motocin shanu sun fara wucewa zuwa Maigatari, domin ranar ma Laraba ce.